Malamar da Ta Koya Mana Hana Mai Saye

A gidanmu na Koki ba a ce wa mai saye babu, ba a kuma ce wa babba a'a. Da waɗannan biyun aka yaye ni. Babanmu yadi yake sayarwa a kasuwa, kuma tun ina ƙarama idan na kai masa abinci nakan zauna in ga yadda yake yi. Mace za ta zo ta tambayi wani launi da ni kaina na san rabon shagon da shi tun sallar bara. Baba zai ce, "Akwai, Hajiya, zauna." Ya zura takalmi ya bi ta bayan rumfa, jim kaɗan sai ga shi da yadin daga wajen maƙwabci. Yakan ce duk wanda ya fita daga shagonka hannu rabbana, gobe ƙafarsa ba za ta gane hanya ba. A harkar yadi gaskiya ya faɗa. Ni kuwa magani na je koyo, kuma a harkar magani irin wannan kirki yana iya kai mutum kushewa.

Kwalejin koyon aikin lafiya na shiga, sashen haɗa magunguna. A shekarar ƙarshe aka ɗora mana wani kwas na kasuwanci, dole ga kowa, mu da masu koyon ungozoma da 'yan gwajin jini. Ba wanda ya yi maraba da shi. Wai mu Kanawa za a zaunar a koya wa ciniki, alhali rabin ajin sun iya tayi tun kafin su iya ɗaura zani. Ga shi an ajiye shi ranar Alhamis bayan la'asar, lokacin da kowa ya gaji, a wani ɗaki da fankarsa ta daɗe da mutuwa. Ranar farko mun shiga ne kawai don a ga fuskarmu.

Malamar 'yar Shahuci ce, gajera, tana ɗan ɗingisawa, sanye da wani takalmi mai faɗi ruwan ƙasa irin na maza. Ta yi shekaru tana ba da magani a asibiti kafin ta koma makaranta ta karanci kasuwanci. Ba ta fara da gaisuwa mai tsawo ba. Ta ce, "Na taɓa buɗe kemis ya mutu a hannuna. Ba ɓarayi suka kashe shi ba, ba gobara ba, dangi ne da kunyata. Shi ya sa nake da abin koya muku." Ba mu saba jin malami ya fara da faɗuwarsa ba.

Farkon kowace lakca abubuwan da ake tsammani take koyarwa. Inda ake saro magani mai kyau da inda ba a ko leƙawa, yadda ake neman izinin buɗe shago, yadda ake jera kaya a sa wanda ya kusa lalacewa a gaba, yadda mutum zai yanka wa kansa albashi maimakon ya riƙa zura hannu a aljihun shago kamar tukunyar gidansu. A wannan ɓangaren ba ni da matsala, jinin gida ne. Matsalata tana ƙarshen lakca, sa'ad da za ta jawo tebur ta ce wannan shi ne kantar shago, ta kira ɗalibi ya tsaya a baya, ta sake yafa mayafinta, ta zama mai saye.

Wallahi da ta shiga wasan kwaikwayo da ta ci abinci da shi. Yau ta zama tsohuwa mai zazzaɓi da ta ce ita ƙwaya wasan yara ce, allura za a yi mata. Gobe ta zama uwar da jaririnta ya hana ta barci, tana neman abin da zai kwantar da shi. Jibi ta kumbura murya ta zama Alhajin da yake son a haɗa masa ƙwayoyi, ja da fari da ruwan ɗorawa, a leda ɗaya. Aikin ɗalibi shi ne ya hana ta. Amma ba hanin gatsali ba. Ta ce ka fara jawo wa mutum kujera, don wanda yake zaune ba ya zafi kamar wanda yake tsaye. Ka tambaye shi abin da yake damunsa, ka gaya masa dalilinka da Hausar da zai gane, ka ba shi abin da ya halatta ko ka nuna masa ƙofar asibiti. Ta yarda da Baba cewa kada mutum ya fita hannu rabbana. Inda suka rabu shi ne abin da za ka sa masa a hannun. Abin da zai cutar da shi, ta ce, ko uwarka ce ba ka miƙa ba.

Ni kuwa kullum sai na miƙa. 'Yar Koki take kirana, kuma ta gano lagona tun mako na biyu. Idan na tsaya a bayan tebur ba ta zama baƙuwa, 'yar'uwa take zama. Ta karkata kai ta ce, "Ke ba 'yar gidan mai yadi ba ce? Allah sarki, ai ni na riƙe ki ranar suna. Yanzu ni za ki tambaya takardar likita?" Na san ƙarya ce, na san malamata ce, na san allurar da take nema guntun alli ne a kan tebur. Duk da haka sai hannuna ya tafi da kansa. Ajin ya fashe da dariya, ita kuma ta gyara mayafi ta ce, "To, kin kashe ni. Allah ya ba ki lada."

Ranar da na daure na ce ba zan bayar ba, na zaci za ta yaba. Ta ce, "Muryarki tana rawa. Mai saye yana jin rawar murya kamar yadda kyanwa take jin ƙanshin kifi. Ya ji ta, ya san akwai ƙofa, ba zai tafi ba sai ya shiga." Daga nan wannan magana ta zama tambarina. Ko a bakin famfo ƙawaye sai su ce mini muryata tana rawa. Na ji haushinta ƙwarai a lokacin, ina ganin ido kawai ta sa mini.

Ana cikin haka malamai suka tafi yajin aiki, aka rufe makaranta ba ranar dawowa. Kowa ya kama gabansa. Sai ga saƙo wai duk mai so ya zo gidanta a Shahuci ranar Alhamis bayan la'asar. Wani ya tambaye ta ko ba ta tsoron 'yan'uwanta malamai. Ta ce yajin aiki ya hana ta shiga aji, bai hana ta yin baƙi ba. A soron gidan muke zama a kan tabarma, maza gefe mata gefe, turmi a kife shi ne kanta. Mun san an daɗe ba a biya su albashi ba, amma ba ranar da ba a fito mana da zoɓo da gyaɗa ba. Ba mu taɓa tambayar daga ina ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba.

Tsofaffin lungun suka fara leƙowa su ga abin da ake yi, daga leƙe suka koma zama, daga zama ta sa su a aiki. Su ba sa buƙatar kwaikwayo, abin da suke yi wa masu kemis kullum shi suke yi mana. Akwai wata mai sayar da daddawa da ta sa wani ƙato a ajinmu ya yi gumi har ya jiƙe riga. Da ta zo kaina ba ta ko wahala ba. Ta ce, "'Yar nan, dubi furfurata," shi ke nan na miƙa mata allin. Malama ta dafe kai ta ce a sake, aka sake, har aka kira magariba.

Bayan an koma makaranta na ci kwas ɗin da ƙyar. Da na je duba sakamako ta kira ni ofis ta ce a rubuce ba wanda ya fi ni, a bayan kanta kuma ba wanda na fi. Ta tambayi inda nake shirin buɗe shago. Na ce Baba ya ba ni soron gidanmu kyauta, har an fara maganar fasa taga. Sai ta ce in gaya masa tana nan zuwa gaishe shi.

Ta zo kuwa, ranar Juma'a da yamma. Ina daga ciki ina jin su. Baba ya ce, "Malama, ai kasuwa a ƙofar gida take da daɗi. Ba haya, ga jama'a duk namu ne." Ta ce, "Abin da nake tsoro ke nan, Alhaji. Idan yayarka ta shigo soron nan ta ce a ɗaura mata ƙarin ruwa, yarinyar nan za ta iya ce mata a'a?" Yayar Baba ita ce Gwaggonmu, wadda ko ciwon kai ta yi sai ta ce jininta ya ƙone, ruwa za a ƙara mata. Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Malama, ni ma da gemuna ban iya ba." Bai ji daɗin a ce an ƙi kyautarsa ba, ya yi kwanaki yana gunaguni, amma shi ya nemo mini shago a Gwale, inda ba wanda ya san kakana.

A Gwale na samu sauƙi. Baƙo zan iya hana shi, in jawo masa kujera, in yi masa bayani, ya tafi ko da daɗi ko ba daɗi. Dangi kuwa ba su ɗauki lokaci ba suka gano hanya. Su na samo musu wata dabara, in ce kayan ya ƙare, sai an kawo. Gwaggo ta zo neman ƙarin ruwa ya fi a ƙirga, kullum robar ruwan ta ƙare. Ta ce ba ta taɓa ganin shago mara albarka irin nawa ba. Na gwammace ta ce haka da in dube ta in ce ba zan yi ba. Shekaru suka yi ta tafiya ban taɓa ce wa wani babba nawa a'a a bayan kantar nan ba.

Malama ba ta sake mu don mun gama ba. Ranar Asabar takan sa niƙabi ta bi shagunan tsofaffin ɗalibanta, daga Gwale zuwa cikin gari, ta sake murya ta nemi abin da bai kamata ba. Ba wanda ya sa ta, ba wanda yake biyanta kuɗin mota. Sai dai ta manta da takalminta. Duk wanda ya fara hango takalmin nan ruwan ƙasa sai ya buga wa saura waya ya ce Malama ta fito. Ta zo nawa 'yan lokuta, na hana ta tsaf, murya ba rawa. Ta ɗage niƙabi ta dube ni ta ce, "Da takalmi kika gane ni. Wannan ba ya cikin lissafi." Sannan ta zaga bayan kanta ta duba jerin kayana, ta ɗauko kwali ta karanta ranar lalacewa, ta mayar, ta tafi.

Daga baya ta yi ritaya. Gwiwar da take ɗingisawa da ita ta tsananta, ta daɗe tana shan maganin kashe zafi, har aka gano ƙodarta ta taɓu. Likitoci suka hana ta wata ƙwaya mai ƙarfi, wadda ita kaɗai take kwantar mata da ciwon, don ita ce take ƙarasa ƙodar. Duk mun ji labari. Mun haɗu mun je dubiya sau ɗaya, muka same ta tana yi wa 'yarta faɗa a kan ta kwashe magungunan gidan ta ɓoye. Muka yi dariya, muka yi addu'a, muka watse. Bayan nan ban koma ba. Shago, yara, yau da gobe.

Wata ranar Talata da hantsi ina goge kanta sai a-daidaita-sahu ya tsaya a ƙofar shago. Ta daɗe kafin ta sauko. Ba niƙabi, ba takalmin nan, silifas ne a ƙafarta don ƙafar ta kumbura ta fi ƙarfin takalmi. Fuskar ma ta kumbura. Na fito na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta dafa kantar ta ambaci sunan ƙwayar, ta ce in ba ta kati ɗaya.

Na yi murmushi. Na zaci sabon salo ta zo da shi tunda mun gane niƙabi. Na fara, "Hajiya, me yake damunki?" kamar yadda aka koya mini. Ta ce, "'Yar Koki, ba darasi ba ne." Sai a lokacin na lura da gumin da yake bin wuyanta, da yadda ta riƙe bakin kantar da hannu biyu.

Ta ce ta kwana uku ba ta runtsa ba. Ta ce 'yarta ta bi lungu ta gargaɗi kowa kada a sayo mata. Ta ce ita ba za ta shiga shagon da ba ta san inda yake saro kaya ba, ta san abin da ake cusawa a kwali, shi ya sa tun safe take bin shagunan ɗalibanta. Duk sun hana ta. Ta ce, "Na bar ki a ƙarshe don na san ki."

Ƙwayar ba haramtacciya ba ce. Kullum ina sayar da ita ga masu dako da magina, waɗanda ƙodarsu lafiya lau. Tana nan a bayana, a layin gaba, a jere yadda ta koya mini, kuma idonta yana kanta. Ba halin in ce ta ƙare. Na jawo kujera, ta ƙi zama. Na ce zan ba ta wadda aka yarje wa masu ciwon ƙoda. Ta ce wannan ko ƙaiƙayi ba ta kashewa, kada in raina mata hankali, ta yi aikin nan tun ba a haife ni ba.

Daga nan ta shiga inda ta san zai kama ni. Ta ce, "Wa ya zaunar da ke a soronsa ana yajin aiki? Wa ya taka har Koki ya tsaya gaban ubanki saboda ke? Shagon nan da kike tsaye a ciki, wa ya sa aka nemo miki? Yau ni ce nake roƙonki kati ɗaya." A aji idan ta ce ita ta riƙe ni ranar suna, ƙarya ce, kuma duk da haka ina miƙawa. Wannan karon ba kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, don ta san abin da take yi. Na ji hannuna yana son juyawa baya, na ɗora shi a kan kanta na danne da ɗayan.

Na ce, "Malama, ba zan ba ki ba."

Da ƙyar maganar ta fito, ni kaina ban gane muryata ba. Ta dube ni. Ta ce, "To. Na gode. Allah ya saka." Duk wanda ya tashi a cikin gari ya san nauyin wannan godiya. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba, sannan ƙafar ta gaza ta zauna a kujerar da ta ƙi.

Mai a-daidaita-sahun yana nan yana jira. Na ja ƙofar shago na kulle, na kama ta muka shiga, na ce asibitin da ake duba ta za mu. A hanya na kira 'yarta, wadda tun safe take neman ta a gidajen dangi. Malama ta juya fuska waje, duk ramin da muka faɗa sai ta ciji leɓe. Har muka isa ba ta yi mini magana ba.

Muka samu benci a layin masu jira. Mutane cike, wata tana ba yaro nono, wani yana barci a zaune. Na riga na sa a raina cewa shi ke nan, na yi abin da ta koya mini kuma na rasa ta. Can, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Har yanzu muryarki tana rawa."

Na ce, "E, Malama."

Ta ce, "Sauran duk sun hana ni daidai yadda na koya musu. Kujera, tambaya, bayani, ko gezau. Da a aji ne da na ba su maki cikakke." Ta murza gwiwar. "Ban san haka abin yake daga wannan gefen kantar ba. Muryar taki, ki bar ta haka."

Aka kira ta, na kama ta muka shiga. Likita ya kwantar da ita a ranar, aka ba ta abin da za a iya ba ta, wanda bai kashe ciwon duka ba. Ta ƙara wasu watanni, yawancinsu a gado, kuma na riƙa zuwa duk Alhamis bayan la'asar. Ba ta sake tayar da maganar ba, ban kuma san ko ta yafe mini kwanakin da ta yi cikin zafi ba. Ta rasu kafin azumi.

Bayan an share makoki da 'yan kwanaki Gwaggo ta zo shago, ta ce jininta ya sake ƙonewa, ta kuma san yau ma zan ce roba ta ƙare. Na ce, "Ba ta ƙare ba, Gwaggo." Na jawo mata kujera.